Caravan Ɗin Umma

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Yaya Nata'ala ya zo da sabuwa. Wannan karon ba busasshen kifi ba ne, ba kuma odar motoci ba. Wai ya kama hayar wani fili can bayan garin Erith, a nan ƙasar Turawa, kusa da kogi, zai jera caravan, gidajen nan masu taya da ake ja a ajiye, ya yi wa tsofaffinmu unguwa guda. Hawa bene ya ƙare, lift mai zarni ya ƙare, kowa ya leƙo ƙofa ya ga ɗan'uwansa kamar a Fagge. Har suna ya raɗa wa wurin, Sabon Zango.

Dokta Masawudu, likitan nan na Camberwell, ya ce zai zuba kuɗinsa, amma sai ya ga rahoto a rubuce: akwai masu so ko babu, filin zai yiwu ko ba zai yiwu ba. To wa zai rubuta? Ni mana. "Ke ba aikinki ke nan a ofis ba? Ki ɗan tattaɓa mana." Tattaɓa! Aikin da nake ci da shi shekara da shekaru a kamfanin gidaje, a wurinsa tattaɓawa ne.

A falon Umma ya faɗi wannan, a flat ɗinta na Thamesmead. Umma ta kafa wa talabijin ido kamar ba da ita ake ba. Haka take in yana wuri. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta musa masa. "Wancan" take ce masa. Yana fita kuwa sai bakinta ya buɗe: Karimatu ɗauko min maganin hawan jini, Karimatu ina remote, Karimatu kin kira GP, likitan unguwa? Sunansa a naɗe a ƙasan akwati, nawa tsumman goge tebur.

Na ce masa zan yi.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan Magariba

Na je suna a Camberwell, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya da tambayoyina. Za ku iya zama a caravan? Za ku bar flat ɗinku? Za ku kai iyayenku?

Kai, mutanena! Ko mutum ɗaya bai ce a'a ba. "Masha Allahu, na Nata'ala ne? A sa sunana." "Ai mu muka fi kowa buƙata." Wata Hajiya da ko bas ba ta iya hawa sai an tallafe ta, ta ce a ajiye mata biyu, ɗaya na baƙi. Wani dattijo ya riƙe gefen mayafina yana sa albarka har shinkafata ta huce.

Na san wannan "e" ɗin. Kara ce zalla. Ba a kallon 'yar Hajiya a tsakar taro a ce mata abin yayanta shirme ne. Da Baturiya ce ta zo da tambayoyin, da tuni sun ce mata no thank you sun koma kan kazarsu.

Yaya ya ga amsoshin yana ta washe baki. "Kin gani? Ɗari bisa ɗari!" Na ce masa ni ba na ƙirga baki, ƙafa nake ƙirgawa. A yi booking ɗin minibus ranar Lahadi mai zuwa, kyauta, duk mai so ya zo ya ga filin da idonsa.

Laraba, 8 ga Oktoba, da rana

Na je filin ni kaɗai. Tirƙashi.

Daga inda bas ta sauke ni na yi ta tafiya har gwiwata ta fara ƙara. Babu shago, babu chemist, babu masallaci, babu ko kare. Taɓo ya cinye min takalmi. Iska daga kogi tana shiga har haƙori. Ruwa bai zo ba, wuta ba ta zo ba, sai an ja su daga titi, kuma da kuɗin Dokta za a ja. Na duba taswirar ambaliya, filin na kwance a tsakiyarta. Izinin council, wato ƙaramar hukuma, kuwa ko nema ba a yi ba.

Caravan guda ɗaya ce a tsaye, ta nuni, kalar madara, da furen roba a taga. Ciki tsaf, ban ƙi ba. Tukunyar gas, jarkar ruwa, gado siriri kamar na asibiti.

Umma ta kira ni ina cikin taɓo. Karimatu, in za ki dawo ki biya Woolwich ki sayo min daddawa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan La'asar

Minibus ta tsaya a bakin kasuwar Woolwich tun safe. Yaya ya sha babbar riga, ya yi odar masa da miya a kula. Muka jira.

Sai saƙonni suka fara shigowa. Yaro ba lafiya. An yi cancel ɗin jirgin ƙasa. Baƙi sun sauka daga Manchester. Hajiyar nan mai guda biyu ta ce ƙafarta ce. Dattijo mai sa albarka ko wayar bai ɗaga ba.

Mu huɗu muka tafi a mota mai cin jama'a: ni, Yaya, Umma, da Mama Kachollom, maƙwabciyar Umma 'yar Jos, wadda ta biyo mu don rakiya kawai. Direba na ta kallonmu ta madubi. Wallahi dariya ta cika min ciki, na danne ta da ƙyar.

Na ɗauka a nan maganar za ta mutu. Ina! Muna zaune cikin caravan, masa ta yi sanyi, Yaya ya buga cinya.

"Na gano. Mutanenmu sai sun ga nasu a ciki. In suka ga Umma na zaune a nan, wallahi layi za su yi." Ya juya wajenta, ya rusuna. "Umma, ke za ki buɗe mana wurin. Ki saki flat ɗin nan, ki huta da bene. Ko da matsala?"

Umma ta kau da kai ta kalli furen roba. Ta ja mayafi ta rufe baki. Na ga yatsunta na murza gefen zane.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. "Ba ta ce a'a ba."

Mama Kachollom ta zuba min ido. Ni kuma na ɗauki masa na kai baki.

Litinin, 13 ga Oktoba, da hantsi

Yaya ya kai Umma ofishin masu gidan, ta sa hannu, an ba da notice na barin flat ɗin. Ranar Litinin 10 ga Nuwamba za ta miƙa makulli.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

Rahoto ya ƙare. Ban taɓa rubuta mai sauƙinsa ba. Masu so babu, filin ba zai yiwu ba, kada a zuba ko sisi. Dokta na karanta shafin farko zai janye, in ya janye kuma Yaya ba shi da dalilin ɗaga Umma daga inda take.

Yana nan a kwamfuta. Ban tura ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Karimatu, bulb ɗin banɗaki ya mutu. Karimatu, an aiko da takarda daga asibiti. Karimatu, wancan ya ce a fara nemo kwalaye.

Na nemo kwalayen.

Asabar, 18 ga Oktoba, da yamma

Mama Kachollom ta tare ni a bakin lift, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Karima, na je ofishin nan da kaina na tambaya. Sun ce in dai ba a ba da key ba, za su yarda a janye notice. In an ba da, shi ke nan, akwai mutane a layi tun shekaru. Ki yi magana da yayanki."

Na ce, "Mama, ni ƙanwa ce. Uwarsa na raye."

"Ke kin san Hajiya ba za ta iya ba. Kunyar ɗan fari ne."

"Bakinta na aiki ai. Ni ce shaida."

Ta riƙe haɓa tana kallona. "Ba ta barci fa. Ta bango nake jin tafiyarta. Jiya ta ba ni tukwanen tattasai na balcony, ta ce in riƙa ba su ruwa. Karima, matar nan a gidan nan mijinta ya rasu."

Kamar ban sani ba. Wa ya kwana a kujerar asibiti a Camberwell lokacin jinyar Baba? Wa ya kira motar ɗaukar gawa? Yaya ya iso daga filin jirgi ana shirin sallar gawa, aka buɗe masa hanya, aka ce babban ɗa ya zo. Umma ta aike ni in dafa masa shayi.

Na ce wa Mama Kachollom zan duba. Lift ya zo, na shige.

Talata, 21 ga Oktoba, da rana

Dokta Masawudu ya kira. "Ƙanwata, ina rahotonmu?" Na ce saura kaɗan, ina jiran wasu bayanai. Ya ce ba gaggawa, a yi shi da kyau.

Ban tura ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

Na auna gadon Umma da tef, tana tsaye a kaina. Gadon katako ne, nasu ita da Baba. Na ce mata ba zai shiga ba, ko ƙofar caravan ɗin ba zai wuce ba. Sif ma haka. Babbar tukunyar da take tuwon sallah ma ba ta da wurin zama, sai dai a bayar.

Na faɗa mata a tsanake, ɗaya bayan ɗaya, ina kallon fuskarta. Ta ce, "To." Ta zauna a bakin gadon ta shafa zanin.

Daɗi na ji. Na rubuta don haka ne, daɗi na ji.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da safe

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, kamar yadda ake yi a ƙasar nan in hunturu ya gabato. Yanzu duhu zai riƙa shiga tun La'asar. Na tuna filin nan ba ko fitilar titi.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan Magariba

Muna naɗe kwanuka da tsohuwar jarida, ta yi magana ba ta ɗago ba.

"Karimatu, aikin nan da aka ba ki. Me ya ce?"

"Bai ƙare ba."

Can ta ce, "Wurin akwai sanyi."

"Akwai."

"Ƙafata ba za ta kai bakin titin ba."

"Ba za ta kai ba."

Sai na ajiye kwanon. Na ce, "Umma, gobe yana zuwa. Ki ce masa a'a. Sau ɗaya, da bakinki, ina tsaye. Ki kira sunansa ki ce, Nata'ala, ba zan je ba. In kika faɗa, ni zan yi sauran, wallahi kafin ya sauka daga bene magana ta mutu."

Ta zabura kamar na watsa mata ruwan zafi. "Karimatu, ki ji tsoron Allah. Ni in kama sunansa?"

"Nawa kina kamawa ai, har ya koɗe."

"Ke daban ce."

Na sani. Abin da nake faɗa ke nan tun ina yarinya, ni daban ce. Na ɗauki jakata na kama bas zuwa Woolwich, ban yi mata sai da safe ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Ya zo, da hoton wani allo da ya sa aka buga, Sabon Zango da manyan haruffa, da hoton tsofaffin Turawa suna dariya a kan ciyawa. Yana ta zuba. Zai kawo mata heater mai ɗumama ɗaki. Zai riƙa leƙa ta kullum. Ruwa da wuta kuwa da zarar Dokta ya saki kuɗi.

Na tsaya a ƙofar kicin na harɗe hannu. Umma ta kalle ni. Na ɗaga mata gira.

Ta gyara zama. Ta yi gyaran murya. Na ce a raina, yau dai. Ta buɗe baki, idonta a kan carpet.

"Karimatu," ta ce, "wancan ya ci abinci?"

Na zuba masa. Na cika masa kwano har ya yi tozo, na sa masa nama biyu. Ya ce hannuna ya faɗa.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da rana

Ban tura ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da hantsi

An zo an ɗauki gadon, masu karɓar kayan sadaka. Sai da suka kwance shi kafin ya fita. Umma ta shige banɗaki ta kunna famfo har suka tafi. Yanzu a katifa take kwana a ƙasa.

Mama Kachollom ta daina amsa gaisuwata. Oho.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan Azahar

A ofis yau na buɗe saƙon, na rubuta adireshin Dokta, na liƙa rahoton. Yatsana na kan maɓalli. Wayata ta yi ƙara.

Karimatu, wancan ya ce zai zo da mota ranar Litinin, ki goge masa kujerar falo kada ya ɓata rigarsa.

Na rufe kwamfutar.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan Magariba

Flat ɗin ya zama kango, murya har amsawa take. Mata sun yi ta shigowa sallama, waɗannan dai da suka ce a sa sunansu. "Hajiya, kin riga mu, muna nan tafe." Suna fita na ji ɗaya na ce wa 'yar'uwarta a kan bene, "Wannan ai jefar da tsohuwa ne." Ɗayar ta ce, "Allah ya kyauta," suka wuce.

Da zan tafi Umma ta rako ni har bakin lift, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama hannun rigata. Ta ce, "Karimatu." Na tsaya ina jiran sauran. Ta sake cewa, "Karimatu."

Na ce, "Yana zuwa da safe. Har yanzu kina da baki."

Na zare hannuna.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

An miƙa makulli. Ita ta miƙa da hannunta, Yaya na ɗaukar hoto.

Litinin, bayan Azahar

Na tura.

Talata, 11 ga Nuwamba, da yamma

Dokta ya janye. Ya kira ni, muryarsa a sanyaye. "Aiki ya yi kyau, na gode, kin tsamo ni. Amma na ji an ce Hajiya ta riga ta tare a can?" Na ce e. Ya ce, "Inna lillahi," ya ajiye.

Yaya kuwa har ƙofata ya zo yana ihu, maƙwabta na leƙe. Munafuka, baƙar ciki, mai hassada tun tana zanin goyo. Na bar shi ya ƙare, na ce, "Yaya, ka je ka mayar da ita flat ɗinta mana." Wallahi sai a lokacin na ga abin ya shige shi. Ya ce gidansa ɗaki biyu ne, ga yara, ga matarsa na aikin dare. Na ce Allah sarki.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da safe

Yaya ya hau jirgi zuwa Kano, wai akwai wasu masu kuɗi a can da suka fi Dokta hangen nesa. Heater ɗin ya bar shi a bayan motarsa.

Umma ba ta kira ba tun Litinin. Na duba wayar, ba a silent take ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na share ɗakina, na sayi sabuwar katifa, na matsar da tebur. Ya isa haka. Umma ta ɗanɗana. Gobe zan je in ɗauko ta, ta zauna a wurina, ta ga wanda ke tsayawa in an watse.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan Magariba

Na yi booking ɗin tasi. An kwana ana ruwa, direba ya ƙi shiga filin, na taka da ƙafa. Allon Sabon Zango ya faɗi a taɓo.

Na tarar da Mama Kachollom a ciki, ashe kullum sai ta zo, bas biyu da tafiyar ƙafa, da jarkar ruwa a hannu. Umma na zaune a kan siririn gadon, ta sa rigar sanyi biyu da safar Baba. Tagogi sun yi gumi. Wurin na warin gas.

Na gaida ta. Ta amsa wa bango.

Na ce, "Umma, tashi mu tafi. Na gyara miki ɗaki. Tasi na jira."

Ta kau da kai ta kalli furen roba. Ta ja mayafi ta rufe baki. Na san wannan zaman, na sha ganinsa, amma ban taɓa ganinsa daga wannan gefen ba.

"Umma, da ke nake."

"Kachollom," ta ce, "ki ce wa wannan, tun ranar da muka shiga motar nan mu huɗu na san abin da rahotonta zai ce. Ban tambaye ta don ban sani ba."

Mama Kachollom ba ta maimaita ba, ba ta kuma kalle ni ba.

Na ce, "To ai kalma ɗaya na roƙe ki. Ɗaya tak! Shi ya kawo ki nan, ba ni ba. Shi ya gudu. Ni ce na zo."

"Ki ce mata ta ja ƙofa in za ta fita. Sanyi na shigowa."

Na tsaya har direba ya fara danna hon daga titi. Na ja ƙofar.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da rana

Na je chemist karɓo mata magani, suka ce an riga an karɓa, wata Mrs Kachollom. An ce kuma manomin da ya ba Yaya haya ya fara tambayar yaushe za a janye caravan ɗin daga filinsa.

Katifar na nan a ledarta.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na kira. Ta ɗauka. Ina jin iska na dukan jikin caravan ɗin, ina jin numfashinta.

"Umma, ni ce."

"Na ji."

"Ni wa?"

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Umma, don Allah. Ki aike ni wani abu. Daddawa, bulb, ko mene ne. Ki kira ni kawai."

Sai na ji gyaran muryarta, na miƙe tsaye a tsakar ɗaki kamar tana ganina.

Ta ce, "Wancan ya sauka lafiya?"

Na ce ban sani ba. Ta ce to, ta kashe.